Inda na yi gwajin tarin fuka a Kano, da abin da na tarar a can

Ni tela ne a cikin birnin Kano, shekarata 19 a kan keke. Shagona ɗaki ɗaya ne mai taga guda, mu biyar muke aiki a ciki, ni da yara huɗu. Tarin ya fara mini a Disambar 2024, lokacin da hunturu ya kankama, kuma a irin wannan lokaci wa ba ya tari a Kano? Ga ƙura, ga hayaƙin janareta, ga burbushin yadi da muke shaƙa tun safe har dare. Sai na yi abin da kowa yake yi, na shiga kemis ɗin unguwa aka ba ni maganin tari na ruwa da kafso. Ya lafa kwana uku ya dawo. Na koma aka canza mini wani. Daga nan aka tura ni wani ɗakin gwaji na kuɗi, aka ɗebi jinina, aka ce taifot ne da maleriya, aka yi mini allurai na kwana biyar. Da na zauna na yi lissafi daga baya, abin da na kashe a wannan yawo ya haura kuɗin ɗinkin manyan riguna uku, kuma duk cikin waɗanda na je wurinsu ba wanda ya ce in kawo kakina a duba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Abu biyu ne suka fara tsorata ni. Na farko gumi. Cikin sanyin Janairu, kowa ya duƙunƙune a bargo, ni kuwa in farka tsakar dare rigata sharkaf, har sai maiɗakina ta tashi ta canza zanin gado. Na biyu wandona. Wata safiya na ga ina ta ƙara jan mazagi, sai na ɗauki tef ɗin da nake auna mutane na auna kaina. Ƙuguna da na sani inci 34 ya koma 31. Tela ba ya musu da tef.

Wanda ya nuna mini hanya wani dattijo ne da nake yi wa ɗinki, tsohon ma'aikacin lafiya da ya yi ritaya. Ina cikin auna masa kafaɗa tari ya turnuƙe ni, na juya baya na daɗe ban dawo daidai ba. Ya jira har na gama, sannan ya ce, "Malam, tarin nan naka ya kai sati nawa?" Na ce, "Alhaji, ya doshi wata biyu." Ya ce, "Duk tarin da ya kai sati biyu, ba na kemis ba ne kuma. Gobe da sassafe ka je asibitin gwamnati mafi kusa da kai, ka ce ka zo gwajin kaki. Kyauta ne. In wani ya ce ka biya kuɗin gwajin, ka kira ni."

Ban je babban asibiti ba. Ƙaramin asibitin gwamnati na yankinmu na nufa, irin wanda mata ke zuwa awon ciki da rigakafin yara. Ranar Alhamis ce, na isa kafin ƙarfe takwas. Kuma tun daga bakin ƙofa na gamu da abin da ban ji daɗinsa ba. Babu wani allo da ke nuna inda ake wannan gwaji, sai da na tambayi mutum uku. Da na isa tagar yankar kati na faɗi abin da ya kawo ni a hankali, sai mai ba da katin ya ɗaga murya ya ce wa wani, "Nuna masa wajen masu tibi, can baya." Matan da ke zaune a benci suka juyo gaba ɗaya, ɗaya har ta ja ɗanta jikinta. Wallahi na yi tunanin juyawa gida. Ina roƙon duk wanda ke zaune a irin wannan taga ya sani cewa mutumin da ke gabansa da ƙyar ya taro ƙarfin zuciyar zuwa, kalma ɗaya tana iya mayar da shi kemis.

Sashen yana bayan ginin, ƙaramin ɗaki ne an rubuta DOTS a jikin ƙofarsa, wato tsarin shan maganin tarin fuka a gaban mai sa ido, da benci biyu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Da farko na ɗauka an ware mu ne don ƙyama. Daga baya ma'aikaciyar wurin ta yi mini bayani cewa da gangan ake zaunar da mu a fili, domin ƙwayar cutar a iska take yawo idan mai ita ya yi tari ko atishawa, kuma inda iska ke kaɗawa rana ke dukan wuri ba ta daɗewa. Rufaffen ɗaki mai cunkoso shi ne gidanta. Tana faɗin haka shagona ya faɗo mini a rai.

Wannan baiwar Allah, wadda kowa ke kira Sista, ita ce dalilin da ya sa nake yaba wurin duk da abin da ya faru a taga. Ta ba ni takunkumi, ta zaunar da ni, ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa: sati nawa da fara tarin, akwai zazzaɓi, akwai gumin dare, na rame, na taɓa ganin jini a kaki, mu nawa muke kwana a ɗaki, akwai wani mai tari a gida ko a wurin aiki. Ta rubuta lambar wayata da kwatancen gidana a wani babban littafi. Sannan ta miƙo mini 'yar roba mai murfi da lamba a jiki.

A nan zan ɗan tsaya, domin wurin fitar da kakin ne mutane da yawa ke ɓata gwajinsu, ni ma na ɓata na farko. Na zaga bayan ɗakin, na yi ɗan tari na tofa, na kawo. Ta ɗaga robar ta duba a haske ta ce, "Malam, wannan yawu ne. Abin da muke nema yana can ƙasan ƙirji." Ta ba ni sabuwar roba da ruwan leda, ta koya mini: in kurkure bakina da ruwa tukuna, in ja numfashi mai zurfi in riƙe in sake, sau uku, sannan in yi tari da ƙarfi daga ƙirji har in ji abin ya taso. Kamar cikin ƙaramin cokali ya isa, amma ya zama mai kauri. In rufe murfin tam, kada in shafa a bayan robar, in wanke hannu. Na koma na tsaya jikin katanga, na dafa gwiwa, na yi yadda ta ce. A ja na uku tarin ya zo da kansa, har idanuna suka kawo ruwa. Abin da ya fito kauri gare shi, ruwan ɗorawa, da ɗan zaren jini a ciki. Ranar na fara ganin jini. Hannuna na rawa na kai mata. Ta karɓa ba ta yamutsa fuska ba, ta ce, "Yauwa, wannan shi ne. Kada jinin ya tayar maka da hankali, ka zo inda ya kamata."

Sai dai wurin da ake tsayawa a yi wannan tari bai dace ba. Fili ne kawai tsakanin katanga da tankin ruwa, duk mai wucewa yana ganinka. Mu maza mun daure. Amma na ga wata matashiya da hijabi ta yi kusan rabin awa tana riƙe da robarta, ta kasa, saboda idon mutane. Zana ɗaya ko langa-langa biyu sun isa su kare wurin ba tare da sun toshe iska ba.

Na tambayi yaushe zan ji sakamako. Ashe su ba su da injin a nan. Ana tara robobin a cikin akwatin sanyi, mai babur ya zo ya kai su wani asibitin da ke da na'urar da ake kira GeneXpert. Ita na'urar cikin kamar awa biyu take gama aiki, kuma abu biyu take faɗa a lokaci guda: ko akwai ƙwayar tarin fuka a kakin, da kuma ko ƙwayar tana jin rifampicin, wanda shi ne babban maganin cutar. Amma awa biyun na'ura daban, jiran mai babur daban. Na ba da nawa ranar Alhamis, ga Juma'a, ga Asabar da Lahadi, sai Litinin da hantsi aka kira ni. Kwana huɗun nan ban yi barcin kirki ba, kuma ina kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yana. Saboda haka shawarata ga mai zuwa ƙaramin asibiti, ya je Litinin ko Talata. Wanda kuwa jikinsa ya yi tsanani ko yake da halin mota, ya wuce kai tsaye manyan wuraren da aka sani da wannan aiki. A Kano akwai Asibitin Zana, wanda dama na cututtuka masu yaɗuwa ne, akwai Asibitin Murtala, akwai na Malam Aminu Kano. Mutanen Zariya suna da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye. A jikin bangon ɗakin Sista kuma akwai takarda da lambar 3340, ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, wadda ake kira kyauta a tambayi wurin gwaji mafi kusa.

Maganar kuɗi, tunda ita ce ke hana mutane da yawa zuwa. Gwajin kaki ban biya ko kwabo ba, haka magani daga farko har ƙarshe. Abin da na biya shi ne kuɗin kati, ɗan kaɗan, sai hoton ƙirji da aka ce in yi daga baya, shi a wani wuri na yi kuma na biya. Sai kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa, wanda idan aka tara na wata shida ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Wannan ma dalili ne na zaɓar asibitin da ke kusa da gida, don ba zuwa ɗaya ba ne.

Da ta kira ni ranar Litinin ba ta faɗa mini komai a waya ba, cewa ta yi in zo. Ta sallami wanda ke gabana, ta jawo kujera kusa da taga, ta ɗora takardar a gabana ta nuna mini da biro. "Nan ya nuna an ga ƙwayar. Nan kuma ya nuna tana jin magani. Wannan na biyun shi ne abin godiya, Malam. Wata shida ne, kuma ana warkewa sarai." Na yi shiru, ina ta maimaita innalillahi a zuciyata. Ba ta katse ni ba. Da na ɗago sai ta ce akwai gwaji ɗaya kuma da ake yi wa duk wanda aka samu da tarin fuka, na cuta mai karya garkuwar jiki, domin cututtukan biyu suna yawan haɗuwa kuma sanin hakan yana canza yadda za a kula da mutum. Ta ce ba don ta zarge ni da wani abu ba ne, kuma sai na yarda. Na yarda. Ɗigon jini ne daga yatsa, kafin minti ashirin ta nuna mini, babu. Ta kuma tambaye ni ko ina da ciwon suga ko ina shan taba.

Aka ɗora ni a sikeli, kilo 51. Ni da na san kaina da sittin da wani abu. Da nauyin mutum ake ƙayyade yawan ƙwayar da zai sha, ni uku aka ce, kullum da safe kafin in ci komai. Manya ne, kowace ɗaya magani huɗu ne a haɗe: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Wata biyu ana shan wannan, sannan a koma mai haɗin biyun farko na wata huɗu. Ta ɗauko kwali guda ta rubuta sunana a jiki ta ce maganina ne na wata shida cif, ba za a taɓa wa wani ba. Ban san me ya sa ba, amma ganin sunana a kwalin nan ya kwantar mini da hankali fiye da duk maganar da aka yi. Ta ce in zo da wanda zai riƙa tsayawa a kaina ina sha yana yin alama a kati, na zo da maiɗakina. A farko duk sati biyu muke zuwa karɓa, daga baya ya koma wata-wata.

Ta kyauta da ta gargaɗe ni tun kafin in gani, cewa fitsarina zai koma ja kamar ruwan zoɓo marar kauri, kuma ba jini ba ne, rifampicin ne. Da ba ta faɗa ba, da a ranar farko zan watsar da maganin. Ta ce amma idan idona ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganina ya fara dushewa, in taho a ranar, kada in jira ranar karɓar magani. Ni abin da ya dame ni ciwon gaɓoɓi ne a wata na farko, gwiwa da idon sawu, har taka keke ya zama aiki. Ya wuce da kansa bayan an canza mini zuwa kashi na biyu.

Ta ce in ƙaurace wa shago na sati biyu, domin bayan kamar haka da fara shan magani yadda ya kamata haɗarin shafa wa wasu yana raguwa ƙwarai. Sati biyun suka ƙare daidai da kamawar azumi a farkon Maris, ga ɗinkin Sallah ya taru. Na tambayi malaminmu, ya ce marar lafiya yana da rangwame, ya sha ya rama. Goman farko ban iya ba. Daga baya da ƙarfi ya fara dawowa, Sista ta ce in riƙa shan ƙwayoyin da zarar na tashi sahur, in ɗan jira kafin in ci abinci. Abin da ta hana shi ne tsallake rana ko ɗaya. Kafin in koma aiki na roƙi mai shagon ya bar ni na fasa bango ta baya aka sa taga ta biyu. Yanzu iska na shiga ta gaba ta fita ta baya, janareta kuma mun mayar da shi nesa da ƙofa.

A gida kuwa sai da aka sha fama. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ware mini kwano da kofi da cokali, ta kuma sa aka kori kyanwar gidan, wai gashinta na haɗiya. Wani ɗan'uwa ya kawo rubutu da saiwoyi ya ce sammu ne na 'yan sana'a. Abin da ya kashe wannan magana zuwan wani ma'aikacin sa-kai ne daga asibitin, kwana biyar bayan na fara magani. Ya zo cikin kayan gida ba wata riga mai tambari, ya yi sallama kamar baƙo, maƙwabta ba su san me ya kawo shi ba. Ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya ce, "Hajiya, ba a kwano take ba, a numfashi take. Ki bar shi ya ci abinci da iyalinsa, amma a riƙa buɗe tagogi, shi kuma ya rufe baki in zai yi tari." Ya tambayi kowa na gidan ko yana tari ko zazzaɓi. Autarmu 'yar shekara 3 ba ta iya fitar da kaki ba, sai aka ce a kawo kashinta, ashe ana gwada shi a wannan na'urar saboda yara haɗiye kakinsu suke yi. Ba a same ta da cutar ba, amma an ɗora ta a kan maganin kariya, saboda ƙananan yara su ne cutar ta fi yi wa mugun kamu. Na ce masa ai an yi mata allurar BCG tun tana jaririya. Ya ce allurar tana kare yara daga nau'in da ya fi muni, amma ba ta hana kamuwa ɗungurungum.

Yaran shagona huɗu ni na kwashe su da kaina na kai. Uku lafiya lau. Na huɗun, wanda kekensa ke jikin nawa, ya yi ta zillewa yana cewa, "Oga, ni fa mura ce kawai." Sai da na ce ba zai sake zama a keke ba sai ya kawo takarda. Aka same shi da ita. Ko ni na shafa masa ko shi ya shafa mini, Allah ne masani, kuma Sista ta ce kada mu ɓata lokaci a kan wannan.

Akwai ranar da na je karɓar magani aka ce mai riƙe da mukullin kabad ya tafi taro, na zauna tun takwas har bayan azahar, mu kusan goma, wasu daga ƙauye suka zo. Sau ɗaya ne hakan ya faru da ni, amma bai kamata maganin da ake cewa kada a tsallake ko kwana ɗaya ya dogara da aljihun mutum guda ba. Sai dai a zaman wannan rana ne na haɗu da wani bawan Allah da labarinsa ya tsare ni a kan hanya. Lokacin ina wata na uku, tari ya tsaya, ina cin tuwo kwano biyu, zuciyata ta fara raya mini cewa na warke, wahalar me nake yi. Shi ma haka ya ji shekara biyu da suka wuce, ya ajiye magani a wata na uku ya tafi ci-rani. Tarin ya dawo masa, ya sake farawa ya sake bari. Yanzu na'urar ta nuna tasa ba ta jin rifampicin, takardar tura shi babban asibiti ya zo karɓa. Yana magana yana tsayawa ya huta tsakanin kalmomi. Na dawo gida na ce wa maiɗakina ko na ce mata na gaji, kada ta saurare ni.

Ana sake duba kaki a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, wannan karon da madubin ɗakin gwaji. Duka ukun nawa sun fito babu komai. Da nauyina ya haura kilo 55 aka ƙara mini ƙwaya ta zama huɗu. Akwai lokacin da na makara kwana ɗaya ban je karɓa ba saboda rasuwa da aka yi mana, kafin la'asar Sista ta kira wayata tana tambayar ko lafiya.

A tsakiyar Agustan 2025 na haɗiyi ƙwayoyin ƙarshe. Sikeli ya nuna 61, tef ya nuna 33. Sista ta rufe shafina a babban littafin, ta ce idan tari ya sake kai mini sati biyu, ko ni ko wani a gidana, in taho kai tsaye wurinta ba sai na tsaya a taga ba. Yaron shagona saura masa sati uku. Kakinsa na wata biyar ya fito lafiya, ranar Talata ni zan raka shi ya karɓo ragowar maganinsa.